Yadda Ake Haɗa wa Yara Kayan Tashe a Gida da Kuɗi Kaɗan

Da zarar azumi ya kai goma, an fita daga gomar marmari an shiga gomar wuya, yaran unguwa sukan fara zagaye gidaje bayan shan ruwa, wannan da gemun auduga, wancan da tulin rawani, wani kuma a cikin dokin kara yana sukuwa a lungu. Na daɗe ina haɗa wa 'ya'yana da 'ya'yan 'yan'uwana irin waɗannan kaya a tsakar gidanmu a Kano, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne kayan tashe ba sa bukatar kyau irin na kayan Sallah. Abu biyu ake nema a wurinsu: mai kallo ya gane wanda ake kwaikwayo tun daga bakin zaure ko da hasken bai wadata ba, sannan kayan su jure tsalle-tsalle na kwana goma ba su wargaje ba. Idan abin da aka kashe ya fi abin da yaran za su tara na hatsi da 'yan canji, to an yi wa aikin ɓarna tun daga tushe.

Kayan da za a tanada

Kayan aikin hannu duk na gida ne: almakashi, allura babba da ƙarama, zare mai ƙwari, wuƙa ko reza, alli na zana layi, da fil mai kulle baki kamar guda 10. Reza da wuƙa su zauna a hannun babba, kada a miƙa wa yaro ko da ya nace.

Kayan haɗi kuwa sun haɗa da tsofaffin riguna da zannuwa da huluna, kwali mai kauri, karan dawa busasshe, auduga, igiyar rama, buhun algarara, tsohon tib na keke da za a yanka tsiri-tsiri ya zama robar ɗauri, da guntayen ƙyallen da tela yake sharewa ya zubar. A je wurin telan tun farkon azumi, domin idan ɗinkin Sallah ya kankama ba ya da lokacin saurarar kowa, ko da yake a lokacin ne guntayen suka fi yawa. Ana kuma bukatar ledar madarar gari wadda cikinta yake ƙyalli kamar azurfa, da marafan kwalaben lemo, da gwangwani babba. Wanda ba shi da tsohuwar babbar riga a gida zai iya samun ta gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai, inda ake sayar da zare da roba ma, amma a fara tambayar kakanni da maƙwabta tukuna, domin da wuya a rasa wata riga da ta kwana biyu a ƙasan akwati.

Abin liƙi ma a gida ake dafa shi. A dama cokali 2 na fulawa ko garin rogo a cikin kofi 1 na ruwan sanyi, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri kamar koko, a zuba gishiri kaɗan, a bar shi ya huce. Yana kama kwali da takarda da ƙyalle sosai, sai dai ba ya wuce kwana biyu bai yi tsami ba, saboda haka a riƙa dafa daidai aikin rana.

Akwai abubuwan da ba na yarda su shigo cikin aikin ko da kyauta aka ba ni su. Buhun taki da na maganin ƙwari ba sa rabuwa da guba ko an wanke su, buhun siminti yana sa ƙaiƙayi, audugar rimi kuma tana tashi ta shiga hanci da ido, ga saurin kama wuta.

1. A zaɓi wasa kafin a taɓa almakashi

A zaunar da yaran a ji tashen da suke son yi, sannan a duba ko kayan da ke gida za su iya fitar da shi. Kowane wasa yana da alama ɗaya ko biyu da ake gane shi da su. Tsoho da gemu, gemu ne da sanda. Malam, rawani ne da allo. Jatau mai magani, layu ne da burgami. Mairama da Daudu, babbar riga ce a jikin yarinya. Ɗan dokin kara kuwa dokinsa ne. A zuba ƙoƙari a kan wannan alamar, sauran jiki kuma kowace tsohuwar tufa ta isa. A tuna kuma cewa a cikin ayari yaro ɗaya ko biyu ne kaɗai suke yin shiga, sauran 'yan amshi ne da mai riƙe ƙwaryar sadaka, don haka ba kowa za a yi wa kaya ba.

2. A auna yaro, a rage tsawon riga ba tare da an yanka ba

A sa wa yaron rigar, ya tsaya a miƙe, a yi alama da alli a daidai tsakiyar ƙwaurinsa. A naɗe abin da ya saura ta ciki, a bi shi da manyan ɗinki na wucin gadi waɗanda za a iya zare su da hannu bayan tashe. Hannun babbar riga a tattara shi a kafaɗa a kama da fil ta ciki, kan fil ɗin yana kallon waje. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar riga tana jan ƙasa wai don ta fi ban dariya, alhali yaron zai bi lungu mai duhu da kwata da duwatsu. Girman rigar a faɗi shi ne abin dariyar, kuma wannan ba ya kayar da kowa.

3. Gemun tsoho

Wannan shi ne abin da aka fi nema, kuma shi ne aka fi yi ba daidai ba. A yanko farin ƙyalle mai siffar jinjirin wata, tsawonsa daga gindin kunne zuwa gindin kunne ta ƙarƙashin haɓa, faɗinsa a tsakiya kamar yatsu huɗu. A ɗauki auduga a ja ta sili-sili, kowane sili kamar tsawon yatsa, a fara ɗinkawa daga gefen ƙasa na ƙyallen ana hawa sama, ta yadda kowane layi zai rufe ɗinkin wanda ke ƙarƙashinsa, kamar yadda ake jera shuci a jinka. Silin tsakiya su fi tsawo, domin gemun ya yi tsini. A ɗinka roba mai laushi a ƙarshen ƙyallen biyu, a zagayo da ita ta saman kai, hula ta rufe ta. Robar da aka rataya a kunne tana cin fata kafin a zagaya gida biyar.

Kada a liƙa auduga a fatar yaro da gam mai kamawa nan take. Wata shekara wani ɗan ƙanena ya yi wa kansa haka ba da sanin kowa ba, muka kwana muna shafa masa man gyaɗa da ruwan ɗumi muna ɓanɓarowa a hankali, kuma har Sallah haɓarsa tana da tabo. Idan ana son gira da gashin baki su yi furfura, a kwaɓa hoda da ɗan basilin a shafa da yatsa.

Inda babu auduga, a warware igiyar rama a taje ta da tsohon mataji, ko a zare zaren farin buhun sukari bayan an wanke shi. Gemun rama ma ya fi na auduga jure zufa, sai dai launinsa na tsohon da ya sha lalle ne.

A ƙarasa shigar da doro da sanda. A dunƙule tsumma kamar girman ƙwarya ƙarama, a ɗinka shi a cikin rigar ta tsakanin kafaɗu, kada a cusa shi haka kawai, domin yana zamewa ya koma kugu. Sanda ta tsaya a daidai kugun yaron, tilas sai ya duƙa kafin ya dogara da ita, kuma wannan duƙawar ita ce rabin wasan.

4. Rawani da allon malam

Rawanin tashe ana son ya yi girman da ya wuce misali, amma idan aka naɗa zane biyu ko uku a kan yaro, nauyi da zafi za su dame shi, kuma rawar farko za ta warware shi. Dabarar ita ce a yi gammo mai faɗi da guntayen ƙyalle, a ɗinka shi a jikin tsohuwar hula, sannan a naɗa farin ƙyalle ɗaya a kansa ana kamawa da zare a wurare huɗu ko biyar. Ta haka rawanin ya zama hula guda, a cire a mayar ba sai an sake naɗi ba.

Allo kuwa da kwali za a yi shi. A yanka falle 3 masu siffar allo, a haɗa su da kokon liƙi, na tsakiya layinsa a gicciye da na sauran biyun domin kada ya lanƙwashe, a danne da turmi ya kwana. A bar fuskarsa babu rubutu, ko a ja masa layuka kawai da gawayi. Ba a fita tashe da allon karatu na gaskiya, domin za a ajiye shi a ƙasa, a taka shi, wani lokaci ma a yi faɗa da shi. Carbi mai manyan ƙwayoyi ana yin sa da totuwar kara: a ɓare ɓawon, a yayyanka totuwar gajeru, a zura su a zare da babbar allura. Mutane sukan so yin amfani da ƙwallon dabino tun da ya yawaita a azumi, amma huda shi aiki ne da ba ya biyan wahalarsa. Buzu kuma a yanka buhun algarara a siffar fatar tunkiya a rataya a kafaɗa.

5. Jatau, da Mairama da Daudu

Waɗannan ba su da wuya. Layun Jatau ƙananan kwali ne masu kusurwa huɗu, a naɗe su da jan ƙyalle ko baƙi, a ɗinka kamar 20 a ƙirji da bayan tsohuwar taguwa, a yi guru da ƙyalle da aka cusa wa tsumma a ɗaura a kugu. A cikin burgaminsa a zuba busassun itatuwa da ganyen da aka sani kamar na mangwaro. Kada a bari yara su tsinko zaƙami ko 'ya'yan cini-da-zugu ko na zurman don su yi kama da magani, domin duk guba ne, kuma akwai ƙanana a cikin ayarin da komai suka samu sai baki.

Yarinyar da za ta fito a Daudu a sa mata riga da hular mahaifinta, a zana mata gashin baki da jagira. Mairama kuma a ɗaura mata zane da ɗankwali irin na manya, a goya mata 'yar tsana. Don baƙin zane a fuska, jagira ko gawayin itace da aka niƙa da man kaɗanya sun wadatar. Baƙin garin da ke cikin batir da fentin gini da tawadar biro duk a nisanta su daga fata, haka ma kwallin dutse, domin wani yana ɗauke da dalma.

6. Dokin kara

A nan ne aikin yake, kuma ya kamata a ware masa yini guda. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan da rani yake kamawa, kamar 2025 da ya zo a watan Maris, saboda haka kara yana samuwa a wurin masu danni da masu ƙosai. A zaɓi karan dawa mai kauri wanda gara ba ta taɓa ba, guda 20 zuwa 25, a cire ganyen jikinsa, a yayyafa masa ruwa a rufe da buhu ya kwana, domin busasshen kara yana fashewa idan aka matse shi da ɗauri. A kula da ɓawonsa, yana yanka hannu kamar reza.

A fara da gangar jiki. A haɗa kara uku-uku a ɗaure su zama dami biyu, kowane tsawon kamu uku na babban mutum, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa sau uku. A shimfiɗa su a ƙasa a jere, yaron ya tsaya a tsakaninsu, a bar sararin tafin hannu tsakanin kugunsa da kowane dami. A gicciya gajerun kara biyu-biyu a gabansa da bayansa, sannan a can ƙarshen gaba da ƙarshen baya, a ɗaure kowace mahaɗa da robar tib ana zagayawa a gicciye. Roba ta fi igiya a nan, domin idan karan ya ƙara bushewa ya motse, igiya sai ta saki, roba kuwa tana bin sa.

Kafin a ci gaba, a auna faɗin firam ɗin, wato gangar jikin da aka ɗaure, da ƙofar gida. Dokin da na fara yi ya yi kyau har maƙwabta suna leƙowa, amma da aka zo fita ya ƙi wuce ƙofar zaure, sai da muka karkata shi da yaron a ciki, kuma haka ya yi ta fama a kowane gida har ya karye a dare na biyu. Tun daga nan ba na barin faɗi ya wuce kamu ɗaya da ɗan kaɗan.

Wuya dami ne na kara huɗu mai tsawon kamu ɗaya da rabi. A ɗaure gindinsa a giccen da ke gaban yaro, a jingina shi a kan giccen ƙarshe ya karkata gaba, sannan a tokare shi da kara biyu daga dama da hagu su haɗu a tsakiyarsa kamar ƙafar murhu. In babu wannan tokarar, wuyan zai riƙa lilo har ya kwanta. Kai kuma a zana shi a kwali falle biyu, a yanka, a ɗinke gefensu da babbar allura a bar ƙasa a buɗe, a cusa takarda kaɗan, a zura shi a kan wuyan a ɗaure. Tsohuwar safa babba da aka cusa wa tsumma ita ma tana yin kan doki mai kyau, sai dai ta fi nauyi. Ido marfin kwalba ne, kunne kwali ne, geza da wutsiya kuma rama ce da aka warware.

Yanzu sai maratayi, wanda shi ne yake raba doki mai daɗin hawa da mai wahalarwa. A yanko ƙyalle biyu masu faɗin yatsu huɗu, a ninka su, a ɗaura daga giccen gaba zuwa na baya ta kan kafaɗun yaro, su gicciye a bayansa domin kada su zame. Firam ɗin ya tsaya a daidai kugu. Siririyar igiya ba ta yi, tana yanka kafaɗa, kuma ko da wasa kada a rataya komai a wuyan yaro. Da ya ɗauka za a ga gaba ya rinjaya saboda nauyin kai, sai a ɗaura ɗan ƙullin yashi a gindin wutsiya ana ƙarawa ana ragewa har dokin ya daidaita.

A ƙarshe a lulluɓe firam ɗin da tsohon zane, a huda tsakiya inda yaro zai shiga, gefen ya sauko zuwa gwiwa kawai. A yi jalala da ƙyalle mai launi, a yanka ledar madara a juyo cikinta a yi ado da ita a goshi da ƙirjin doki, a ɗaura linzami na ƙyalle. Wannan ƙyallin yana da wani amfani bayan ado, domin fitilar babur da ta adaidaita sahu tana haska shi tun daga nesa.

Wanda yake inda kara ba ya samuwa, ko azumi ya kama da damina, sai ya nemi babban kwali, ya cire sama da ƙasansa, yaro ya shiga ciki, a liƙa kai da wutsiya, a yi maratayi kamar yadda aka bayyana. A ƙara falle ɗaya na kwali a inda aka huda don maratayin, domin daga nan yake fara yagewa. Tukurwa ma tana yi idan an tsaga ta, amma ta fi kara nauyi.

7. Abin kiɗa

A ɗaure bakin babban gwangwani da leda mai kauri ninki uku, a ja ta sosai a zagaye da robar tib, ganga ta samu. A duba bakin gwangwanin tukuna, in yana da kaifi a daddanne shi da guduma. Marafan kwalba da aka buga suka baje, aka huda aka zura a waya, suna ba da amo mai kyau, kuma babba ne zai huda su ya lanƙwashe bakin wayar.

8. Gwaji kafin fita, da kula a kowane dare

Ranar tara ga azumi a sa wa yaro kayan gaba ɗaya, ya yi gudu, ya yi tsalle, ya duƙa, ya zauna, ya shiga ƙofa ya fita. Duk abin da zai faɗi a waje, a nan zai fara nuna alama. A tabbata gemu da rawani ba su tare masa gani ba, kuma zai iya cire komai da kansa. Ba a rufe fuskar yaro da leda ko da an huda ta.

A ja wa yaran kunne sosai game da wuta. Auduga da kara da rama duk makamashi ne, kuma a lokacin da suke shiga gidaje murhu bai mutu ba, ga masu suyar ƙosai da awara a bakin hanya. Mai gemu da mai doki kada su matsa kusa da murhu ko fitilar kananzir ko kyandir, haske kuma a ba su tocila. A haɗa su da wani babba, su tsaya a gidajen da aka san su, su dawo da wuri. A saurari sanarwar hukuma ma, domin a wasu shekarun nan 'yan sanda a Kano sun hana fita tashe saboda ɓata-garin da suke fakewa da shi, kuma idan haka ta faru sai yaran su yi wasansu a tsakar gida, a gaban iyaye da kakanni.

Idan sun dawo, a shanya rigunan su sha iska, a wanke fuska da sabulu bayan an goge da mai, a rataye doki da allo a sama, domin ɓera da kyankyaso suna bin kokon liƙi. Da safe a bi mahaɗun dokin ɗaya bayan ɗaya, a sake ɗaure wadda ta saki, a musanya karan da ya fashe kafin ya ja na kusa da shi. Bayan an gama tashe a zare ɗinkin wucin gadi a mayar wa masu riguna kayansu a wanke, gemu da rawani da layu a ƙulle su a leda a ajiye don baɗi, a kwance robar tib ita ma a adana. Karan kuwa ba ya kai wata shekara gara ba ta cinye shi ba, sai a miƙa shi madafa a hura wutar tuwon Sallah da shi.